Lahadin da Inna Ta Faɗi Sunana

Ruwan sama ne ya tarbe ni a garin. Na sauka daga jirgin ƙasa da jaka ɗaya da takardar gayyata a cikin leda, a watan da mu a Arewa an riga an ɗaure damman hatsi an kai rumbu. Can kuwa ruwa yake zuba siriri, ba tsawa, ba ƙamshin ƙasa. Gari ne na bakin teku a ƙasar Faransa. Ba zan faɗi sunansa ba, don garin bai yi mini laifin komai ba.

Wata goma aka ba ni. Kafin nan na yi shekara bakwai ina bin motar masu haƙar foraj, wato rijiyar burtsatse, tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri da Sukukutane. Idan an gama huda ƙasa, ni nake zura sondi, wato ƙarfen awo mai doguwar igiyar waya, in karanta abin da ya rubuto, in ce nan yumɓu ne, nan yashi mai ruwa. Karatuna bai yi nisa ba, hannuna ne ya saba. Wani injiniya da muka yi aiki tare shi ya ba da sunana, aka kira ni in koyi irin wannan aiki a inda ake duba awon ramukan da ake haƙawa a ƙarƙashin teku. In na cika wa'adi za a ba ni takardar shaida, wadda za ta raba ni da kwana a gindin mota.

Na bar Inna, mahaifiyata, da kumburin ƙafa. Likita a Dutsi ya ce zuciya ce ta gaji. Roƙona ɗaya ne tun ranar da na sauka: in cika wata goman nan, in koma in same ta.

Mutum na farko da ya yi mini magana baƙar fata ne kamar ni, riƙe da lema. Ya dubi takalmina, ya dubi jakata, ya ce da Faransanci, "Ɗan'uwa, daga ina?"

Na faɗa masa. Ya buga ƙirji ya ce ai Nijar gidansa ne, ya taɓa kwana a Dosso, in kira shi Tonton. Yana da ɗaki kusa da wurin aikina, da abin ɗumama ɗaki, da taga mai kallon teku. Ya karɓi jakata ya rataya. Na ji daɗi har na yi wa Allah godiya a fili.

Ɗakin yana hawa na biyar, ƙarƙashin rufi. Abin ɗumamawar yana nan, amma ya daɗe da mutuwa. Tagar bangon wani sito na kifi take kallo, sai in ka hau kan gado ka miƙa wuya za ka hango wani ɗan zare mai launin toka, shi ne tekun. Wurin aiki kuwa sai na hau bas biyu. A kwana na uku wata tsohuwa ta buɗe ƙofa da makullinta ta same ni ina salla. Ta tsaya har na sallame. Ita ce mai gidan, kuma ba ta san da zamana ba. Tonton tsohon ɗan haya ne da ya tashi bai mayar da makulli ba. Abin da na ba shi ya tafi tare da shi.

Na fara haɗa kayana. Tsohuwar ta dubi tabarmar sallata, da ƴar tukunyata, da ƙullin garin hatsi da na zo da shi daga gida, ta ce in dakata. Washegari muka yi takarda ta gaskiya. Da yamma ta hawo benen tana haki, rungume da wata ƙaramar na'urar ɗumama ɗaki. Ta ce ta mijinta ce, shi yanzu ba ya jin sanyi.

Wurin aikin bene ne mai hawa uku a bayan tashar jiragen ruwa. Na zo da tunanin a jirgi za a sa ni. Shugabata, Madam Kilodin, mace ce mai furfura da gajeren gashi, ba ta cika zama a kujera ba. Ta nuna mini hoto a bango: jirgi da doguwar hasumiyar ƙarfe a tsakiyarsa, irin ta motar foraj, amma ta ninka ta sau da yawa.

"Yana can wani gefen duniya," in ji ta. "Ni kaina sau biyu na taɓa hawansa. Mu a nan lambobi kawai muke gani."

A tsaye ta yi mini bayani. Jirgin yana tsayawa a kan ruwa mai zurfin da, in da a kwance yake, sai mutum ya yi kusan awa guda yana tafiya bai ƙure shi ba. Daga nan ake zura bututu har ƙasan teku, a huda, a ciro laka da dutse. In an gama sai a zura sondi kamar yadda nake yi a gida, ya taso a hankali yana auna bangon ramin. Abin da ya auna shi ake aiko mana. Masana a ƙasashe da yawa suna jiran sa don su karanta abin da ya faru da duniya tun kafin mutane, amma ba a ba su sai mun tace.

Tacewar ita ce aikina. Igiyar sondi daga kan jirgi take fara ƙirga zurfi, don haka sai na nemo inda ruwa ya ƙare ƙasa ta fara. Akwai layin da ake kira gamma, mai auna wani haske da laka ke fitarwa wanda ido ba ya gani. A cikin ruwa yana kwance shiru, da ya taɓa ƙasa sai ya yi tsalle. Nan nake sa sifiri. Sannan jirgi ba ya tsayawa cak kamar mota a kan yashi. Ruwa yana ɗaga shi yana sauke shi, sondi ma yana rawa a can ƙasa. Shi ya sa ake bin rami fiye da sau ɗaya, ni kuma in jera bi na farko da bi na biyu a kan ordinata, wato kwamfuta, in ja wannan, in matsa wancan, har tudu ya hau kan tudu, kwari ya faɗa cikin kwari. Akwai kuma faɗin ramin. Inda bango ya zube, rami ya yi ciki, sondi ba ya taɓa ƙasa, ruwa yake aunawa yana cewa dutse ne. Wannan kam ba su suka koya mini ba. Yashin Sukukutane ya riga su.

A sati na biyu Madam Kilodin ta tsaya a bayana ta ce, "Isuhu, yaya ramin nan?"

Na ce, "Lafiya lau, Madam."

Ta sunkuya ta dubi allon. "Daga nan zuwa nan bango ya zube. Ka gani?"

"Na gani."

"To me ya sa ka ce lafiya lau?"

A wurinmu ba a buɗe magana da ɓarna. Kuma mutanen jirgin sun sha wuya kafin su samo awon, ban ga kyan in zauna a ɗaki mai ɗumi in kushe aikinsu ba.

Ta ce, "Ba gaisuwa na yi maka ba. Inda ya lalace ka sa masa ja, ka rubuta dalili. Wanda zai yi aiki da shi nan da shekara ashirin ba zai same ka ya tambaye ka ba."

Daga ranar na koyi sa ja.

Ran Lahadi nake kiran gida, bayan la'asar ɗinsu. Ƙanena Habu yana da shagon kayan moto, wato babur, a Dogon Dutsi. Duk Asabar yakan hau motonsa ya tafi ƙauyenmu a ƙasar Dogon Kiriya, ya kai wa Inna magani, ya kwana biyu. Wayarsa ita ce wayarmu.

"Yaya! Ƙaƙa sanyi? An ce can har majina ka daskarewa ga hanci."

"Shina nan. Ƙaƙa jikin Inna?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ga ta bisa tabarma tana jin ka."

"Ka gaishe ta."

"Kai ka gaishe ta mana, ba ga waya ba? Inna, ga ɗanki."

Sai in ji kukan kaji, sannan muryarta daga gefe, ba a bakin wayar ba: "Ka ce ma wancan muna lahiya. Ka tambaye shi ko shina cin abinci."

Ni ne ɗan farinta. Tun da ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ido da ido ba. A ɗakin kakata na girma. In wani yaro a gari sunansa Isuhu, sai ta ce da shi mai sunan wancan. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba. Na san wanda ake ajiye wa ƙwaryar fura mai kauri in ya zo gida.

Habu yana cikin samarin Dutsi masu zama wurin wa'azi, wandonsa ba ya kai idon sawu, kuma wannan kunya ba ta kwanta masa ba.

"Inna, wanga abu al'ada ta, ba addini ba na. Ɗanki na halak malak. Bon, bi ni a hankali: I, su..."

"Tashi ka ba ni wuri, marar kunya. Kai wa'azinka kasuwa."

Sai mu kwashe da dariya, ni da shi. Dariyar nan ita nake ci har wata Lahadi.

Da sanyi ya kankama rana ta gajarta. In fita da duhu, in dawo da duhu, azahar da la'asar da magariba su taru wuri ɗaya kamar tumaki a bakin rijiya. A biro, wato ofishinmu, ba a yi mini wulaƙanci ba. Ana gaishe ni da safe, gaisuwa ɗaya tak, ba a tambayar gida, ba a tambayar gajiya. Da tsakar rana suna zama su ci abinci suna hirar wuraren hutu da ban sani ba, ni kuma in ci shinkafata a gaban allo. Garin hatsina na riƙa tsimi da shi, cokali uku ran Juma'a, in dama da madarar kanti mai tsami. A wata na huɗu ya ƙare. Na kakkaɓe ledar na ninke ta na ajiye, ban san dalili ba.

Kwana shida a sati bakina ba ya furta Hausa sai a zuci. Wata rana a cikin bas na ji kamar wani ya ce sannu. Na juya na ga mutum biyu baƙaƙe suna hira. Na wuce inda zan sauka har tasha biyu ina kasa kunne. Ba Hausa suke yi ba. Na sauka na tako da ƙafa cikin ruwa.

Ran Asabar nakan je bakin teku in tsaya. Akwai wani tsoho mai kamun kifi da ƙugiya wanda ke ɗaga mini kai, ni ma in ɗaga masa. Har na bar garin ba mu wuce haka ba. Nakan dubi ruwan in tuna cewa duk layukan da nake ja a allo daga ƙarƙashin irin wannan suke fitowa, ni da na girma inda mata ke jan guga har tafin hannu ya yi kanta kafin a ga ruwa. Na so in ba Inna wannan labari. Na faɗa wa Habu ya faɗa mata. Na ji ta ce, "Duk ruwan nan kuma ba a sha nai? To mi amfaninshi?"

A wata na bakwai na yi kuskure.

Wani lokaci sondi yakan maƙale a bango ya fizge, ko wuta ta yi masa gardama, sai layi ya harba wani siririn tsini kamar ƙaya. Irin waɗannan sharewa ake yi. Hannuna ya yi sauri a lokacin, har ana yabona. A wani rami na ga ƙaya guda, ita kaɗai, a tsakiyar laka mai kwance lumui. Na cire ta na haɗe layin, na wuce.

Bayan kwana biyu Madam Kilodin ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ta shimfiɗa takarda biyu a tebur. Ta farko bi na farko ne kafin in taɓa shi, ga ƙayar. Ta biyu bi na biyu ne, wanda ban buɗe ba. Ga ƙayar nan a zurfi ɗaya, ba ta gusa ba. Sannan ta nuna mini hoton lakar da aka ciro daga wurin. A tsakiyarta akwai wata baƙar ɗamara da ba ta wuce taƙi biyu ba.

"Toka ce," in ji ta. "Wani dutse ne ya yi aman wuta tun babu kowa a duniya, tokar ta sauka a teku ta kwanta. Akwai wata mata da ta shekara tana neman wannan tokar, don da ita za ta san shekarun duk abin da ke samanta da ƙasanta. Kai kuma ka share ta da yatsa ɗaya."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Allah ya sa ba a taɓa ainihin awon da jirgi ya aiko, kwafi muke gyarawa, don haka aka mayar da ƙayar inda take.

"Ka riƙe wannan," ta ce. "Abin da ya fito sau ɗaya, kada ka gaskata shi, kada kuma ka goge shi. Ka jira bi na biyu. In ya sake fitowa a wuri ɗaya, to gaskiya ne."

Na rubuta maganar a ƴar takarda na manna a gefen allona. Kullum da safe ita nake fara gani. Ban sake share komai ba sai na jera bi biyu.

Wata na tara ya wuce, saura sati uku da rami ɗaya. A gida damina ta zauna. Ran Lahadi na kira kamar kullum.

"Ƙaƙa jikin Inna?"

"Da sauƙi. Jiya ma ta sha kunu." Sai na ji motsi, na ji Habu ya ce, "Inna, mi?" Sannan ya ce, "Yaya, tsaya."

Na ji numfashi dab da wayar, mai nauyi, kamar na wanda ya hau tudu.

"Isuhu."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Kaina ya bugi rufin ɗakin.

"Na'am, Inna."

"Kana lahiya?"

"Lahiya lau, Inna."

"To madalla. Allah shi yi ma albarka."

Shi ke nan. Wayar ta koma hannun Habu, yana dariya.

"Ka jiya? Wa'azina ya ci! Shekara nawa ina hama da tsohuwar ga."

"Habu, gaya min gaskiya. Ƙaƙa jikinta?"

"Wal..." Bai ƙarasa rantsuwar ba. "Da sauƙi, Yaya. Kammala aikinka. Sati ukku na, kamar gobe."

Na zauna a bakin gado na daɗe. Shekarata talatin da huɗu, ranar na fara jin yadda sunana yake a bakinta. Ta ja ƙarshensa kaɗan, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ajiya.

Duk wata tsohuwa a Arewa, da na ba ta wannan labari, ba za ta bari in rufe baki ba za ta ce in ɗauki jakata. Macen da ta riƙe kunya shekara talatin da huɗu ba ta sakinta don wa'azin ɗan autanta. Ni ma na sani. Cikina ya sani tun kafin in zauna.

Amma da safe na je biro na ga ƴar takardata a gefen allo. Na ce wa kaina, sau ɗaya ne. Wataƙila nacin Habu ne. Wataƙila ranar ta ji daɗin jikinta ne. Ba zan gaskata ba, ba zan goge ba, zan jira Lahadi mai zuwa. In ta sake karɓar waya, ran Litinin ina hanya. Ba zan ɓoye ba, takardar shaidar ma tana cikin abin da ya zaunar da ni. Wata tara na sanyi, ga ta saura taki kaɗan.

A satin nan na yi aikin da ya fi kowanne kyau. Ramin ƙarshe mai wuya ne, an haƙa shi cikin iska, jirgi ya yi ta rawa, bi na farko da na biyu sun ƙi haɗuwa. Na bi su gaɓa gaɓa. Na sa ja inda ya kamata, na rubuta dalili. Ran Laraba na kira Habu a shago, ya ce da sauƙi, yana da mai saye a gabansa. Ran Juma'a Madam Kilodin ta duba abin da na yi ta ce, "Wannan ko ni iyakar abin da zan yi ke nan." Na ji daɗi. Ina tuna cewa na ji daɗi.

Lahadi ta zo. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Yaya."

Bai tambayi sanyi ba. A bayansa babu kukan kaji, sai muryoyin maza ƙasa ƙasa.

"Ƙaƙa jikin Inna?"

"Tana barci."

"Su wa nika ji nan?"

"Baƙi na. Su Kawu sunka zo."

"In ta tashi ka kira ni."

"To, Yaya."

Bai kira ba.

Ran Litinin da safe na shiga ofishin Madam Kilodin ban cire rigar ruwa ba. Na ce zan tafi gida, mahaifiyata ba ta da lafiya.

"Me likita ya ce?"

"Ban ji daga likita ba."

"To wa ya ce ka zo?"

"Babu wanda ya ce. Ta kira sunana ne."

Ta dube ni. "Ni ma kullum ina kiran sunanka, Isuhu."

"Ke ba ke kika haife ni ba, Madam."

Na yi mata bayani gwargwadon yadda Faransancina ya iya ɗauka. Kalmar kunya ta ba ni wuya, duk wadda na ɗauko sai ta fito kamar Inna ta yi abin kunya ne, ko tana tsorona. Ta saurara har na gama, a zaune, abin da ban saba gani ba.

"Yaushe ta kira ka?"

"Waccan Lahadi."

"Kwana takwas ke nan. Me ka tsaya yi?"

Ta ƙofar da ke buɗe ana hango teburina da allon da ƴar takardar. Na dubi wajen. Ta bi idona da kallo, sannan ta jawo wayarta ta fara neman jirgin sama. Ba a samu wuri ba sai na Alhamis. Ta ce ita za ta ƙarasa ramin, kuma sunana zai fito a takardar bayanin aikin. Ban tambayi takardar shaida ba, ita ma ba ta ambata ba. Ran tafiya da motarta ta kai ni tashar jirgin ƙasa. Tsohuwa mai gida ta karɓi na'urar mijinta a bakin ƙofa ta ce za ta yi wa mamana addu'a irin tasu.

Daga filin jirgin Yamai na kira Habu.

"Na sauka."

"Sannu da hanya, Yaya."

"Jikin fa?"

"Taho dai. Muna jiran ka."

Ran Juma'a da sassafe na hau kar, babbar motar safa. Bayan Dosso gonaki suka buɗe, hatsi ya kai gwiwa, kore shar, mutane sun duƙa suna noma. Wata tara ban ga ƙasa mai wannan launi ba. Na riƙa ce wa kaina mai barci yana tashi. Kafin azahar na hango dutsen, muka shiga Dogon Dutsi.

Ban bi ta shagon Habu ba, na san ba ya nan. Na wuce inda motocin Dogon Kiriya ke lodi. Ina tsaye ina neman mai rubuta suna sai wani dattijo mai sayar da goro ya taso daga kan bencinsa. Baba Dari ne, mutumin ƙauyen da ke kusa da namu, tare suka yi samartaka da mahaifina. Na ɗan rusuna ina jiran ya ce sannu da zuwa. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Isuhu. Ina haƙuri?"

Bakina ya amsa kafin ni. "Haƙuri da godiya, Baba."

"Allah shi jiƙan ta, shi sa ta huta. Mace ta gari ta. Ka dai yi sa'a ka samu bakwai ɗin. Gobe na, ko?"

Hannuna ɗaya yana cikin aljihu. Na ƙirga da yatsu ina komawa baya. Asabar, Juma'a, Alhamis, Laraba, Talata, Litinin. Ƙidaya ta bakwai ta sauka a kan Lahadi.

Baba Dari yana kallon fuskata.

"Subhanallahi. Ɗana, ba a gaya ma ba?"

"An gaya min, Baba. Gajiyar hanya ta."

Bai yarda ba, amma ya karɓa. Ya je ya yi wa direba magana a kunne. Aka sauke wani daga gidan gaba aka ce in zauna. Direban ya kashe rediyo. Muka bi yashi mai danshi awa da awanni, ana tsayawa ana sauke mutane da buhuna, duk wanda zai sauka sai ya zagayo ta tagata ya ce Allah shi ba da haƙuri. Ban san yawancinsu ba.

Ana kiran la'asar muka isa. Daga nesa na ga tabarmi a ƙofar gidanmu, da takalma a jere. Habu ne ya fara ganina. Ya taso ya tare ni tun kafin in kai wurin mutane, ya karɓi jakata, ya ja ni bayan rumbu. Ya rame. Ya kasa duban idona.

"Da hantsi ta cika," ya ce. "Dawowarmu ke nan daga kai ta, ka kira. Kawu ya ce ba a gaya ma mutum shi ɗai cikin baƙon wuri, babu mai riƙe shi. Ya tsaya bisa kaina. Na nemi abin da zan ce wanda ba ƙarya ba, ban samu ba sai wancan." Ya share fuska da hannun riga. "Tun kahin nan ma na ga jikin na yin ƙasa. Kullum ka tambaya in ce da sauƙi. Ni na ɓoye ma, Yaya. Ka yahe min."

Na dube shi. Ƙanena ne, shi ya yi ta bin yashi da magani duk Asabar, shi ya ɗauke ta zuwa makwancinta.

Na ce, "Ba ka ɓoye min komi ba, Habu. Ita da kanta ta gaya min. Ni na tsaya."

Ya buɗe baki zai yi magana, na girgiza kai. Na roƙe shi ruwan alwala. Da na gama na zagaya ƙofar gida, na cire takalmi na sa a cikin jerin. Kawu ya matsa, ya bar mini wurin babban ɗa a kan tabarma. Na zauna, mutane suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya.